Tukunyar da Jami'a Ta Ara

Shekara goma ke nan da maza suka ɗauki Yaya Ndagi daga gidanmu na Chanchaga suka kai shi makwancinsa. Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta. Ni ƙanwarsa ce, uwa ɗaya uba ɗaya, kuma ungozomar gwamnati ce ni, na ƙarar da ƙuruciyata a wani ɗan asibitin ƙauye da ke yankin Beji. Ba marubuciya ba ce ni. Duk shekarun nan idan lokacin rasuwarsa ya zagayo, sai dai mu yi sadakar waina, a karanta masa abin da ya sawwaƙa, kowa ya kama gabansa. Bana dai na ce sai na rubuta, domin akwai maganar da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya, kuma akwai masu manyan riguna da na ga suna neman yin ado da sunansa.

Waɗanda suka san Minna a wancan lokaci za su tuna shi da Ndagi Mai Tukwane. Sana'arsa zubin tukwanen dalma. Ya narka tsofaffin gwangwanaye da kan injin mota, ya zuba a yashi, gobe ka ga tukunyar biki ta fito. Bai yi boko ba, ko aji ɗaya. Amma mahaifinmu mutumin Bida ne da aikin jirgin ƙasa ya kawo Minna, kuma shi ne mai zuba kwal a injin tururi, har ya yi ritaya. Yaya ya tashi yana jin yadda tururi ke jan tarago cike da gyaɗa, yana kuma jin labarin mutanen da tururi ya salluɓe wa fata. Saboda haka yana girmama tururi, yana kuma tsoronsa, kuma bai taɓa jin kunyar faɗin haka ba.

Ga abin da ya haɗa sana'arsa da tawa. Mace idan ta zo haihuwa, da almakashi ake yanke cibiya, idan ta ƙaru kuma da allura ake ɗinke ta. Waɗannan ƙarafa, in ba su da tsabta, su ne ajalinta. A asibitinmu babu lantarki, don haka a tukunyar miya nake tafasa su a kan murhu. Tafasa tana kashe yawancin ƙwayoyin cuta, amma akwai masu taurin rai, irin mai kawo ciwon sarƙewar haƙora, waɗanda ruwan zafi ba ya yi musu komai. Su sai tururin da aka matse a cikin rufaffiyar tukunya. Wannan a makaranta aka koya mana, aka kuma turo mu inda babu irin tukunyar. Wata rana, daidai shekarar da sojoji suka miƙa mulki, na zauna a maƙerarsa ina ƙorafi. Bai ɗago ba ma, sai ya ce, "Sista, tururi ne kawai matsalar? To ai tururi ɗan gidanmu ne." Sista yake ce mini idan yana son tsokanata.

Wata biyar ya yi a kanta. Ya sassaƙa samfurin tukunyar da murfinta da itacen maɗaci, wanda da shi ake danna yashi a fitar da siffa, kuma wannan sassaƙar ita ta fi cin ransa. Zubi uku ya fasa da guduma saboda ya ƙwanƙwasa ya ji muryarsu ba ta yi masa ba. Ta huɗu ta fito da kauri, murfinta na ɗauruwa da noti shida. Ya yanko robar cikin tayar babbar mota ya shimfiɗa a bakinta don kada iska ta fita. A saman murfin ya kafa ɗan bututu, ya ɗora masa wani dunƙulen ƙarfe da ke rawa yana tsaki idan tururi ya kai. A gefe kuma ya bar ƙaramar kafa ya toshe da darma mai laushi irin ta liƙi, wadda za ta narke ta saki tururin in wuta ta yi yawa. Ranar gwaji ya kori kowa daga maƙera, har matarsa, ya zauna shi kaɗai a gabanta a kan turmi. Ya ce in za ta fashe, gara ta fashe da wanda ya yi ta.

Ba ta fashe ba. Shekara uku tana aiki a wurina a kan kurfoti da gawayin ƙauye. Amma abin da nake so masu karatu su gane shi ne, Yaya bai ba ni tukunya ya juya baya ba. Duk ranar kasuwar Beji sai ya hau mashin ya zo. Ya kwance murfi, ya shafa roba da babban yatsa, ya hura bututu, ya duba darma. Ya tilasta mini na koyi yankan robar da kaina, ya sa na lalata masa robobi ba adadi yana dariya. Ya koya mini sauraron tsakin ƙarfen nan, da lokacin da zan rage gawayi. A wurinsa, abin da ka ƙera wa mutum yana wuyanka muddin yana amfani da shi. Ban taɓa jin ya kira wannan da wani suna ba, aikinsa ne kawai.

Bakina ne ya jawo mana. An tara mu taron bita a wani otal a Minna, ma'aikatan lafiya na ƙauyuka, kuma masu jawabi sun zo ne daga wata jami'ar koyon likitanci da ke wata jiha. Ba zan faɗi sunanta ba, su sun san kansu. Sun buɗe wata cibiya da suka ce ta ƙirƙira mai ɗorewa ce, wadda za ta tallafa wa asibitocin karkara da kayan aiki. Kalmar ɗorewa kam na ji ta ranar har ta gundure ni, duk wanda ya kama abin magana sai ya tauna ta ya tofar. Da aka ce ko akwai mai tambaya, sai na miƙe, ni uwar iyayi, na ba su labarin tukunyar yayana. Aka tafa mini. Na zauna ina jin kaina a sama.

Bayan mako biyu sai ga motoci uku a ƙofar asibiti. Babbansu wani farfesa ne mai fara'a da ƙamshin turare, wanda ya tsaya nesa da kurfoti don kada toka ta taɓa masa shadda. Suka ɗauki hoton tukunya ta gaba da ta baya. Suka ɗauki hotona a gefenta. Yaya, da na aika masa ya zo, yana tsaye da hannuwansa masu tabon wuta, babu wanda ya ɗauki nasa. Ya yi ƙoƙari ya nuna wa farfesan kafar darma, sai mutumin ya dafa masa kafaɗa ya ce, "Baba, ka yi ƙoƙari ƙwarai. Sauran aikin kuma na masana ne." Yaya bai girme shi ba, amma talaka ai da wuri yake zama Baba.

Suka ce aronta za su yi, mako biyu kacal, su auna ta a ɗakin bincike, su inganta ta, sannan a yi irinta a raba wa ƙauyuka. Suka biya ta Chanchaga suka karɓi samfurin itacen ma, wai don awo. Yaya ya ja ni gefe ya ce, "Fati, su ɗauki itacen, su bar miki tukunyar. Mata ba za su daina haihuwa don ana awo ba." Ni kuwa na ce masa ya daina ƙauyanci, mutanen nan jami'a ce guda. Da hannuna na wanke ta, na goge, na sa musu a bayan mota. Na kuma sa hannu a wata takarda da ban karanta ƙarshenta ba.

Ba su bar ni hannu biyu ba, a yi musu adalci. Sun dawo da wata na'ura fara ƙal daga ƙasar waje, mai maɓallai da ƙaramin gilashi. An kafa rumfa, an ɗauko kujeru, an yanka ƙyalle, mai gari ya yi godiya, an ci shinkafa. Da taro ya watse, na ɗauki wayar na'urar ina juyawa a hannu, ina duban bangon da ko ramin soket babu. Mutum goma sha wani abu, kowanne da digiri har ya yi masa yawa, sun zo asibitin nan sau biyu, sun zauna a cikinsa, sun yi fifita da takardunsu saboda zafi, amma babu wanda ya ɗaga kai ya lura babu fanka, babu ƙwan fitila. Da na yi magana, sai wani a cikinsu ya ce ai jiharmu ce ke ba ƙasa wuta, lantarki na nan tafe. Manyan wayoyin wuta kuwa muna ganinsu, suna wucewa ta saman gonaki zuwa inda ake buƙatarsu.

Mako biyu ya zama wata biyu. Na rubuta wasiƙa, shiru. Na sake rubutawa, aka amsa cewa kwamiti na nazari. A wasiƙa ta uku ne aka tuna mini cewa takardar da na sa wa hannu ta ce an maye gurbin tukunyar da na'urar zamani, kuma ba a yarda a sake aiki da kayan da ba a tantance ba. Wato a takarda asibitina ya ci gaba. A zahiri na koma tukunyar miya. Yaya ya fara sassaƙa wani samfurin, amma a lokacin tarin da hayaƙin maƙera ya dasa masa ya fara kama shi, in ya yi aikin awa ɗaya sai ya kwanta biyu.

A cikin wata na bakwai aka kawo Laraba. Matar wani manomin doya ce mai suna Bawa, daga wani ɗan ƙauye can bayan rafi, haihuwarta ta uku, kuma ba ta taɓa zuwa awo ba balle a yi mata rigakafi. Da rana tsaka suka iso, ruwa na zuba. Ta haihu lafiya, namiji, amma ta ƙaru sosai, na ɗinke ta da allurar da na tafasa da safe. Ta kwana biyu ta koma gida tana yi mini alkawarin kaza. Kwana tara bayan nan suka dawo da ita a amalanke, haƙoranta sun sarƙe, bayanta ya sandare. Muka garzaya da ita Minna, ba ta kai kwana uku ba. Ba zan iya rantsuwa cewa daga allurata ciwon ya shige ta ba, yana iya zama daga gida ne. Amma shekara ukun da tukunyar ke wurina ban ga irin wannan ba ko sau ɗaya, kuma na san abin da zuciyata ta faɗa mini tun a bakin amalanken.

Da na gaya wa Yaya, bai ce mini ai na faɗa miki ba. Da ya faɗa ma da na fi samun sauƙi. Washegari ya sa rigarsa ta Juma'a, ya shiga motar haya da tarinsa, ya tafi jami'ar nan karɓo tukunyarsa. Ya ba ni labari da ya dawo. Sun ajiye shi a benci tun hantsi har la'asar, domin ba shi da takardar ganin kowa. Daga ƙarshe wani masinja ya ji tausayinsa ya shigar da shi zauren cibiyar. Ga tukunya nan a cikin akwatin gilashi, an shafe ta da fenti ruwan azurfa, har bututun da kafar darmar an liƙe. A jikin gilashin an rubuta sunan cibiya da sunayen masana huɗu. Ya durƙusa ya leƙa ta ƙasa, sai ya ga abin da ya sa ya fasa neman kowa. Don kada a sace ta, sun huda gindinta da injin huji, sun zura ƙarfe sun ɗaure ta da teburin.

Ina so mai karatu ya ɗan tsaya a nan. Tukunyar da duk amfaninta shi ne ta riƙe tururi, ita masana suka huda. Ko mai sayar da koko ta san abin da huji ke yi wa tukunya. Wata bakwai tana hannunsu, ba su taɓa hura mata wuta ba, ba su taɓa zuba mata ruwa ba, domin da sun yi da sun san me suke riƙe da shi. Sun dai kai baƙi sun gan ta, sun buga hotonta a ƙasidu, sun tafi da labarinta taruka a ƙasashen da ni ban san sunansu ba. Yaya ya ce da ni, "Fati, ba mugunta ba ce. Ba su san tana da aiki ba ne." Shi mai haƙuri ne. Ni har gobe ban ga bambancin ba, tunda Laraba tana ƙasa.

Bai gama samfurin na biyu ba. Ya kammala gangar jikin, murfin ne ya rage, kuma murfin shi ne aikin. Ya rasu farkon daminar da ta biyo baya. Maƙeran da na kai wa itacen daga baya duk sun juya shi sun dawo mini da shi, suka ce su tukunyar tuwo suka iya, ba za su ɗauki alhakin abin da zai iya fashewa ba. Ban ga laifinsu ba.

Nakan tambayi kaina, da zai dawo yau me zai ce. Zai ga waya a hannun kowa, har masu tallan gyaɗa. Zai ga manyan motoci na bin hanyar Zungeru da siminti, an ce sabuwar madatsar ruwa ake ginawa, wuta za ta wadata. Ina jin zai yi murmushi ya tambaya ko wannan karon za ta sauko ƙasa. Zai ga an kafa mana faifan hasken rana a rufin asibiti, wanda wata tawagar ta kawo da nata bikin, ya yi wata takwas yana aiki, batirinsa ya mutu, ba a sake ganin wanda ya kawo shi ba. Zai ga farar na'urar nan tana nan inda aka ajiye ta, ba a taɓa kunna ta ba. Rajistar masu awo muke ajiyewa a ciki, domin ɓera ba ya iya shiga. Na san tambayar da zai yi a kan kowannensu, domin ita yake yi a kan komai: idan ya lalace, wa zai zo?

Watan jiya wasiƙa ta iso ni, wannan karon ba tare da na rubuta ba. Cibiyar za ta yi bikin cikarta shekaru, kuma suna son iyalan marigayi su halarta, domin a cewarsu yana cikin waɗanda suka fara haɗa gwiwa da su. Na je. Ba don su ba, don in ga tukunyar. Sun yi sabon gini mai hawa biyu, da na'urar sanyaya ɗaki, da janareta yana ruri a baya. Farfesan nan ya ƙara ƙiba da muƙami, bai gane ni ba, amma da aka gaya masa sai ya riƙe hannuwansa a ƙirji ya ce marigayi mutum ne da ba za su manta da shi ba. Ya kira shi da sunan da ba nasa ba, wani ya raɗa masa, ya gyara. Aka yi jawabai. Ɗorewa ta sake shan tauna.

A zauren ban ga akwatin gilashin ba, an sa wasu sababbin abubuwa masu ƙyalli. Na tambayi wata mai shara, na kwatanta mata, sai ta ce in biyo ta. A bakin ƙofar baya, kusa da inda direbobi ke alwala, na same ta. An cika ta da ƙasa an shuka fulawa, murfin kuma babu wanda ya san inda yake. Mai sharar ta ce tukunya ce mai kyau, ruwa ba ya kwanciya a cikinta saboda tana da huji. Na tsaya ina kallonta, na rasa kuka zan yi ko dariya. Aka aiko a kira ni in karɓi allon yabo, na ce a gaya musu na tafi neman mota.

Kada a ce na raina ilimi. Jami'ar nan ta yaye likitocin da na yi aiki da su, wasunsu sun ceci matan da na tura musu, kuma ina yi musu addu'a. Waɗanda na raina su ne masu ɗaukar asibitin ƙauye wurin ɗaukar hoto, masu auna nasararsu da yawan ƙyallen da suka yanka. Su na raina, kuma ban ɓoye ba. Yaya bai san kalmominsu ba, amma shekara uku bai tsallake kasuwa ɗaya ba, ko ana ruwa ko ana rana. Su da motoci uku sun kasa dawowa sau ɗaya su tambaya ko abin da suka kawo ya kama.

To me ya rage na Ndagi Mai Tukwane? Maƙerarsa ta zama shagon cajin waya. Sunansa ba ya jikin komai. Amma akwai samari da 'yan mata a yankin Beji, yanzu suna sakandare, waɗanda aka yanke wa cibiya da almakashin da ya fito daga tukunyarsa, iyayensu mata kuma suna raye suna daka. Ba su san shi ba, shi ma bai nemi su san shi ba. Wannan nasa ne, babu kwamitin da zai karɓe. Abin da ya rage nawa shi ne mai nauyi, domin duk rainin da na zuba wa farfesoshi a wannan shafi, ba su suka wanke tukunyar suka sa a mota ba.

Bawa yana nan. Duk shekara idan sabuwar doya ta fito sai ya kawo mini guda biyu har asibiti, ya durƙusa ya ajiye, ya ce da Hausarsa ta ɗan koyo, "Sista, ka yi kokari a kan Laraba. Allah ne ya kira shi." Shekara goma sha ɗaya ina karɓa ina cewa na gode. Bai san an taɓa yin wata tukunya ba, bai san yayana ya ce a bar ta na ƙi ji ba. Ba ya karanta jarida, don haka wannan rubutun bai sauke mini komai ba. Doya ta kusa fitowa. Bana idan ya zo, zan ba shi kujera, in gaya masa da bakina tun daga farko, kafin ya ajiye doyar. In ya ga dama ya bar mini, in ya ga dama ya koma da abarsa.

Allah ya gafarta wa Yaya Ndagi, ya jiƙan Laraba, ni kuma ya ba ni ƙarfin kallon idon mijinta.